Faɗuwa kafin la'asar ba koyaushe yunwa ba ce

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, a kula. Mutum ba ya shan maganin ciwon suga, amma da azumi ya yi nisa sai gumi ya keto masa, hannu na karkarwa, magana ta sarƙe, wani har ya faɗi. A ba shi dabino uku, nan da nan ya dawo garau. A gida sai a ce farfaɗiya ce ko aljanu, a kama ruƙiyya kawai.

Abin da ke iya jawo haka, akwai wani ƙari da ba a cika samu ba, insulinoma, mai fitowa a fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi. Yawanci bai kai santimita 2 ba, amma yana ta zuba insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, ko ciki babu komai. Da yawan masu wannan ƙari har ƙiba suke yi, don sun saba kare kansu da ciye-ciye.

A auna suga a daidai lokacin da abin ya motsa, kafin a ba shi zaƙi. Awon da aka yi bayan ya ci ba ya nuna komai. In sugan ya gaza 55 mg/dL, a ɗebi jini a duba insulin da C-peptide, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin. Wani sai an kwantar da shi asibiti, a hana shi abinci har awa 72 ana lura. Kada a gwada wannan a gida, wallahi akwai haɗari.

Wani lokaci hoton CT kan kasa ganin ƙarin, sai an zura na'urar ɗaukar hoto ta baki. Kusan 9 cikin 10 ba sa yaɗuwa, tiyata ce maganinsu. Kafin nan, batun azumi sai da shawarar likita.