Mataki na 6 ko na 7: yadda muka zaɓa wa 'yata a wasan jimnastik

Duk uwar da 'yarta ke jimnastik a nan Amurka ta san cewa da zarar kakar gasa ta ƙare sai wata sabuwar fitina ta taso, wato maganar wace yarinya za ta hau wane mataki. A kulob ɗinmu dai lokacin nan iyaye ba sa samun sukuni, kowa na sauraren abin da aka gaya wa 'yar wance. Tawa ta gama mataki na 5 da maki masu kyau, sai kocinta ta kira mu ni da babanta ta ce hanya biyu ce a gabanta, ko ta shiga na 6 ko a tsallaka da ita na 7 kai tsaye, mu je mu yi shawara da yarinyar, duk da dai kowa ya san maganar ƙarshe ta koci ce.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, hukumar USA Gymnastics ce ke da shi, suna kiransa Development Program, da can sunansa Junior Olympic. Matakai ne daga 1 zuwa 10. A na 4 da na 5 duk yarinyar da ke ƙasar nan motsi iri ɗaya take yi da kiɗa iri ɗaya, har sai kiɗan ya fita ranki don a gasa za ki ji shi ana ta maimaitawa tun safe, kuma sai bayan shekara 8 ake sauya tsarin, wanda ake kai yanzu na 2021 zuwa 2029 ne. Daga na 6 zuwa sama kuwa kowace yarinya ana haɗa mata nata tsarin daidai da abin da ta iya, da kiɗanta na kanta. Kayan wasan guda huɗu ne: tsallaken tebur, sanduna biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, siririn katakon nan mai faɗin santimita 10, sai kuma wasan ƙasa a kan dabe. Kowanne maki 10 ne, jimla 40, in yarinya ta faɗo a cire mata 0.5.

Shi mataki na 6 ɗin yadda yake yanzu a 2013 aka ƙirƙiro shi lokacin da aka sake lambobin matakan, kuma ba dole ba ne a yi shi, shi ya sa wasu kulob ɗin sam ba sa ma kai yara gasarsa. To a nan fa rigimar take, don wasu iyayen kallon matakin raggwaye suke masa. Ni kaina wata ta taɓa ce min ai ɓata shekara ne kawai.

Abu na farko da na fahimta shi ne makin da hukuma ta sa na haurawa bai da alaƙa sosai da ko yarinya ta shirya. Misali daga na 4 zuwa na 5 ana buƙatar 34.00, in kin raba huɗu 8.5 ke nan a kowane wasa, kuma yarinya za ta iya samun hakan da 9 da wani abu a wasan ƙasa alhali sandunanta na tangal-tangal. Jimla tana ɓoye rauni. Shekaru ma haka, mafi ƙarancin shekarun shiga na 6 da na 7 bakwai ne, amma ai wannan ƙa'idar takarda ce kawai. Don haka sai na ajiye takardar maki na roƙi koci ta zauna da ni mu bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, me na 6 ke nema, me na 7 ke nema, wanne yarinyar ke yi ita kaɗai ba hannun koci a bayanta.

Tsallaken tebur bai ba mu wahala ba don a na 6 da na 7 kusan abu ɗaya ne, a kan tarin katifu ake dira, share fage ne na tsallaken da ake juyawa a iska wanda sai a na 8 ake fara shi. Wasan ƙasa ma ta shirya, tana alkafurar baya da jiki a miƙe wanda na 7 ke nema, kuma wallahi in kin ganta a ƙasa sai ki rantse ta wuce ma na 7 ɗin. Wannan ne ya sa babanta ya tsaya kai da fata a kan a tsallaka da ita, don shi wasan ƙasa kawai yake kallo da gaske, sauran lokacin yana kan waya.

Sanduna ne suka tona asiri. A na 6 ana so in yarinya ta wurga jikinta sama daga kan sanda ta kai digiri 45 sama da kwance, sannan ta yi zagaye ɗaya ba tare da jikinta ya taɓa sandar ba. A na 7 kuwa tsayuwar hannu ake nema, ƙafafu sama cak, ga zagaye biyu, kuma kulob da yawa ba sa yarda yarinya ta shiga na 7 sai ta iya babban zagayen nan da suke kira jayant, wanda jiki a miƙe ake kewaya sandar sama gaba ɗaya. A doka ba lallai sai jayant ba, akwai wasu zagayen da za su cike gurbin, amma koci ta ce min gaskiya tsirara, in aka lallaɓa ta shiga na 7 ba tare da shi ba to a na 8 za a biya bashin, lokacin ga sababbin abubuwa sun taru ga tsohon bai zauna ba. Ita kuma tawa jayant ɗinta sai a ramin soso take yi, wato ramin horo da aka cika da soso don in an faɗo kar a ji ciwo, da madauri a hannu ko koci na tura ta, tsayuwar hannun kuma yau ta kai gobe ta tsaya rabi. Alƙalai ba ruwansu da cewa jiya a horo ta yi daidai, kusurwar da suka gani a gabansu ita za su yanke.

Sai katako. Nan ba ƙarfi ne matsalar ba, tsoro ne. Na 6 ya ba yarinya zaɓi, ko ta haɗa motsi biyu a jere ko ta yi ɗaya wanda jiki ke tashi a iska, amma na 7 duka biyun yake so. Yarinyar nan tana tsallen baya da hannu a kan layin da aka ja a ƙasa ba gardama, a ƙaramin katako ma haka, amma da an ce ta hau dogon sai ta ɗaga hannu ta sandare, ta yi ta tsayuwa har koci ta ce sauko. Da farko ni ma taurin kai na ɗauka, sai da na ga manyan yara 'yan mataki na 9 suna kuka kan abin da suka shekara suna yi sannan na yarda cewa kai yana iya kullewa haka kawai. Ai ko Simone Biles a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 sai da ta janye daga wasanni da dama saboda ta daina gane inda take a iska, balle 'yar firamare. Abin da koci ta nanata min shi ne tsoron tsallen baya in aka sa masa ranar gasa a gaba ƙaruwa yake yi, kuma yakan yaɗu, yau katako gobe ya kama wasan ƙasar da take taƙama da shi.

Akwai kuma maganar jiki wadda ba a cika yin ta a wajen zaman iyaye ba. A daidai wannan lokacin yarinyar ta fara miƙewa, kuma ta fara korafin dunduniya da wuyan hannu. Likita ya yi mana bayanin cewa ƙasusuwan yara suna da wani wuri mai taushi a ƙarshensu inda girma ke faruwa, yawan dira da dafa ƙasa da hannu shi ke fusata wurin, kuma ciwon dunduniyar nan sananne ne a yara masu wasanni, Sever suke ce masa. Ya ce a rage dira na ɗan lokaci. To yarinyar da aka ce ta rage dira ta yaya za a ɗora mata ƙarin awanni na koyon sababbin abubuwa uku cikin watannin hutu? Ga shi in tsawo ya ƙaru lissafin juyi a kan sanda yana canzawa, abin da ta iya ma sai ta sake nemo shi.

Kuɗi kam ko 6 ko 7 sai an ji a jika, tunda duka biyun sai kin biya wanda zai tsara mata rawar ƙasa, kin sayi kiɗa, ga kayan gasa ga tafiye-tafiye, don haka bai shiga lissafinmu sosai ba. Wata maman ta ba ni shawarar mu koma Xcel, wato ɗayan tsarin mai Bronze, Silver, Gold, Platinum da Diamond har da Sapphire da aka ƙaro daga baya, inda awannin horo suka fi sauƙi kuma yarinya ta fi samun sakewa wajen zaɓen motsi. Tsari ne mai kyau, na san yaran da ya hana su barin wasan gaba ɗaya, amma tawa idonta na kan mataki na 10 da wasan jami'a tun yanzu, ko za ta kai Allah ne masani, sai muka bar wannan maganar.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙawaye. Biyu daga cikin 'yan rukuninta na 7 za su tafi, ita kuma a ganinta an bar ta a baya ne. Ban ce mata 6 da 7 duk ɗaya ba ne don ba ɗaya ba ne kuma ta sani. Tambayarta na yi, a ranar da kika tashi jikinki ba daɗi, wane abu za ki iya yi a gaban alƙalai ba tare da kin nemi koci ta tsaya kusa ba? Ta yi shiru can ta ce ban da jayant, ban da na katako. Ita da bakinta. Daga nan babanta ma ya sauko, ya ce to sauri dai kan haifi nawa.

Na 6 ta yi. Abin da na roƙa, kuma ina ba kowace uwa shawarar ta roƙa a fili, shi ne kar a ajiye horon na 7 don tana gasar na 6, don in kulob zai bar yarinya shekara guda tana maimaita abin da ta riga ta iya to gara ma a sake tunani. Koci ta yarda, kullum akwai lokacin jayant da na dogon katako ba tare da an ce sai rana kaza ba. A tsakiyar kaka sai ga tsallen bayan a kan dogon katako ya zo da kansa har aka saka mata shi a tsarin gasa tunda na 6 ya ba da damar hakan. Jayant ya fi ɗaukar lokaci, sai kusan ƙarshen kaka ta fara yinsa a sandar gaske. Ƙawayen nata kuma ɗaya ta yi kyau ƙwarai a na 7, don ita dama sandunanta sun nuna, ɗayar ta sha wahala har ana maganar ta maimaita.

Yanzu ga mu kuma an fara raɗe-raɗin ko 7 ko a gwada 8, babanta har ya fara ɗaga kai daga waya. Na riga na gaya wa koci ina son zama da ita mako mai zuwa, kuma daga sanduna za mu fara.