Da wanne zan fara?

A ƙarƙashin gadar Ojuelegba da ke Legas na tsinci littattafai uku na Lois McMaster Bujold wajen wani mai gwanjon littattafai, bangon ɗaya ma da salatif aka liƙe shi. Labarin dakarun sararin samaniya ne: jiragen yaƙi, hafsoshi, da wani ɗan guntun soja, Miles, wanda ƙashinsa ke karyewa kamar karan dawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne matar ba ta rubuta su a jere ba. Shards of Honor, inda iyayen Miles suka haɗu, ya fito a 1986. Ci gabansa, Barrayar, sai a 1991, bayan tuni ta nuna mana yaron ya zama saurayi a The Warrior's Apprentice. Falling Free kuwa na 1988 ne, amma abin da ke cikinsa ya faru wajen shekara 200 kafin haihuwar Miles.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka bi shekarun cikin labarin mana, daga tushe." Na biye masa. Mako biyu ina fama da Falling Free a danfo tsakanin Agege da Oshodi, gwiwata a maƙale da kujerar gaba, ina ta jiran Miles, ko ƙeyarsa ban gani ba. Littafin ba laifi, amma ba mafari ba ne.

Yanzu na koma kan iyayen, sannan Barrayar, sannan ɗan. Barrayar ɗin ne ba ni da shi. Mai gwanjon ya ce in leƙo ranar Asabar, wai wani ɗan'uwansa a Yaba yana da shi.