Tarihin rayuwata kashi na 11: katin zama da ciwon Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, a makon jiya mun tsaya inda girin kad ɗina, wato katin izinin zama a Amurka, ya iso ta gidan waya, toh mu ɗora daga nan.

Katin da aka ba ni na shekara 2 ne kawai, domin a dokar Amurka in aurenki bai kai shekara 2 ba lokacin da kika samu izinin zama ta hanyar auren, na wucin gadi ake ba ki, sai ya rage kwana 90 ya ƙare ku cike fom I-751 ke da mijinki ku nuna auren na gaskiya ne. Abban yara ya sayo wata babbar jaka muka dinga zuba komai a ciki, takardar hayan gida mai sunanmu mu biyu, takardun banki, na haraji, takardar haihuwar babbar 'yata, har da hotunan suna. Da aka amince sai suka aiko min da na shekara 10.

Ana cikin haka Hajiya ta kwanta ciwo na tafi gida jinya, kuma wallahi ban yi niyyar dawowa ba sai na ga ta miƙe. Tun kafin in tashi lauyarmu ta ja min kunne cewa matar ɗan ƙasa shekara 3 take jira kafin ta nemi zama 'yar ƙasa, sauran mutane 5, amma in kika wuce wata 6 a waje za a iya cewa kin katse zamanki sai kin kawo hujja, in kuwa ya kai shekara to lissafin ya rushe, katin kansa ma yana cikin haɗari. Mutane da yawa ba su san wannan ba, gani suke da an samu kati shikenan, ni kuma har yau ina ganin dokar ta yi tsauri ga mai jinyar iyaye.

Da lokaci ya matso ina zaune bakin gado ina matsa mata ƙafa na kasa buɗe baki, ashe ƙanwata ta riga ta faɗa mata. Ta ce "ki koma ɗakinki, ga ƙannenki nan, kar ki ɓata wahalar da kuka sha saboda ni." Na ce Hajiya ya zan tafi in bar ki haka, ta ce umarni ne take ba ni. Da kuka na shiga jirgi.

Bayan na dawo na cike fom N-400 na neman zama 'yar ƙasa na kama haddar tambayoyi 100 na tarihi da tsarin mulkin ƙasar, a lokacin 10 suke yi miki ki ci 6, yara suna barci ni ina bita a kicin. Yadda ta kaya ranar intabiyu da kiran da ya shigo wayata daren ranar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.