Sifiri ɗaya ya sa na biya kuɗin biza sau biyu

Wallahi har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Tafiya ce ta ziyara, kwana goma kacal, kuma ƙasar da zan je ta intanet ake neman bizarta, ba zuwa ofishin jakadanci, ba layi, ba intabiyu, ba ka bar fasfonka a hannun wasu kana ta jiran tsammani. Ka cike fom a waya, ka biya da katin banki, su turo maka takarda ta imel, shikenan. Toh sauƙin nan shi ya ja min, don na ɗauki abin kamar sayen data, ina kwance da daddare ido na lumshewa na cike shi.

Tun a matakin farko ma na kusa afkawa rami. Na rubuta sunan ƙasar da kalmar biza a Google, shafukan da suka fito a sama duk ga tuta ga tambari kamar na gwamnati, ashe talla ce ta dillalai. Wasunsu za su nema maka bizar da gaske amma su ɗora nasu kuɗin a kai, wasu kuwa kuɗinka da hoton fasfonka kawai suke so. Abin da ya cece ni ƙananan rubutun can ƙasa da na gani suna cewa su kamfani ne mai zaman kansa. Na fita, na shiga shafin ofishin jakadancin ƙasar, daga nan na bi adireshin da su da kansu suka sa.

Kuma ba kowane fasfo ne ya cancanta ba fa, wannan shi mutane ke tsallakewa. Tsarin ya daɗe, Ostareliya tun 1996 ta fara nata, Amurka ta wajabta ESTA, izinin tafiya da ake nema ta intanet, a 2009 amma na 'yan ƙasashen da dama ta ɗauke wa biza ne kawai, Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet a 2019, ita ma da jerin ƙasashenta, Kenya kuma ta koma eTA, nata izinin tafiyar na intanet, a Janairun 2024. Kowace da dokarta. Indiya ma misali, bizarta ta intanet akwai takamaiman wuraren shiga da aka ware mata, ba duk iyakar da ka ga dama za ka bi ba. Ni dai na duba, fasfona na cikin jeri, kuma saura fiye da wata shida ya ƙare, wanda shi ne sharaɗin da ƙasashe da yawa ke sawa.

Hoto ya ɗan wahalar da ni, bango fari, fuska a miƙe, girman fayil kar ya wuce abin da suka ce, sau uku yana dawo min da shi. Tikitin dawowa da adireshin masauki kuwa ina da su, wannan bai ɗau minti biyu ba.

Inda na yi ɓarnar a lambar fasfo ne. Akwai sifiri a ciki, ni kuma na danna harafin O. A ido duk ɗaya suke, ga barci, ga ƙaramin allon waya. Shafin bai ce uffan ba, ya karɓi kuɗi, bayan kwana uku ga imel ya shigo (a akwatin tarkace ma na tsince shi) wai an amince. Na yi murna, na buga a takarda na ajiye.

Ana jibi tafiya ina haɗa takardu, haka kawai na ɗora takardar kusa da fasfon ina bi harafi harafi da yatsa. Gabana ya faɗi. Don bizar intanet ba takardar nan ba ce, takardar shaida ce kawai, ainihin bizar tana cikin kwamfutarsu a ɗaure da lambar fasfonka. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, masu alamar <<< da yawa, kowanne gurbi 44 ne, su na'ura ke karantawa. In abin da ta karanta bai yi daidai da abin da ka cike ba, a wajenta kai ba ka da biza, kuma ba sai ka isa can ba, tun a kantar kamfanin jirgi za a iya tsayar da kai, don su ake ci tara in suka kai mutum ba cikakkun takardu. Na'ura ba ta san "don Allah a duba min" ba.

Na nemi wurin gyara a shafin, babu. Kuɗin kuma an rubuta ɓaro-ɓaro ba a mayarwa, na ma danna na yarda da hakan ban karanta ba. Dole na sake sabon fom daga farko, na sake biya. Wannan karon a kwamfuta na zauna, fasfo a buɗe a gabana, suna ma yadda yake a layukan ƙasan nan na kwafe shi, don sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi kala nawa, kuma yadda ka saba rubutawa ba ruwansu da shi. Ranar haihuwa na duba ko rana ce a gaba ko wata. Har wa'adin bizar na sake karantawa, ashe tsawon lokacin da take aiki daban, kwanakin da aka yarda ka zauna daban.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, kowane minti ashirin ina leƙa imel. Sai washegari da la'asar ta fito, saura awa goma sha wani abu jirgi ya tashi.

Da na sauka na miƙa wa jami'in shige da fice fasfo da takarda, don ko da biza a hannu shi ke da ta cewa a kan shigarka. Takardar ko kallonta bai yi ba, ya ɗora fasfon a na'ura, ya tambaye ni kwana nawa zan yi da inda zan sauka, ya buga hatimi. Ta farkon mai harafin O tana nan cikin jakata har yanzu, na kasa yar da ita, kuɗi na biya.