Auta ya kwana a falonmu

Laraba. An kawo wuta tun asuba, na goge kayan makarantar yara kaf, raina fes.

Wajen la'asar sai ga Auta da jaka a kafaɗa, ido jajur. Hajiya ta gano ba shagon gyaran waya yake kwana ba, situdiyo yake zuwa yana buga wa mawaƙan biki fiyano. Ta ce gidanta ba gidan maroƙa ba ne, ya san inda dare ya yi masa.

Na zuba masa shinkafa da wake, ko cokali bai ɗaga ba. Can ya kunna min wani tsohon kiɗa a wayarsa, ƙarƙashin sautin ana jin shuuu kamar ana suya. Ya ce, "Yaya, Jelly Roll Morton ke nan, a Chicago aka ɗauka, 1926. Shi ma haka kakarsa ta yi masa." Wai yana ɗan shekara 14 a New Orleans yake kaɗa fiyano a gidan karuwai na unguwar Storyville, a gida kuwa ya ce gadin dare yake yi. Ranar da tsohuwar ta ji gaskiya ta sallama shi. Na ce, "To kai ai ba gidan karuwai kake zuwa ba." Ya ce a wurin Hajiya duk ɗaya ne. Na yi shiru, don na san halin uwarmu.

Shi Auta ɗaukakar kawai yake hange: an buga waƙar Morton mai suna Jelly Roll Blues a takarda tun 1915, ya sa lu'ulu'u a haƙori, yana bugun ƙirji cewa shi ya ƙirƙiro salon kiɗan jaz a 1902. Har ya ɗan yi dariya yana ba ni labari.

Bayan isha na nemi ƙarshen labarin da kaina, kuma da ma ban nema ba. A 1938 aka daɓa masa wuƙa a ka da ƙirji a gidan rawar da yake aiki a Washington. Asibitin da ke kusa na farar fata ne, suka ƙi karɓarsa, sai da aka kai shi wani mai nisa. Bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Los Angeles ranar 10 ga Yuli, 1941. A wannan shekarar ta 1938 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauki muryarsa a Laburaren Majalisar Amurka, yana kiɗa yana ba da tarihinsa. Na saurari kaɗan. Muryar dattijo ce a nitse, amma ni yaron da aka rufe wa ƙofa nake ta gani, ƙirjina ya yi nauyi.

Abban Ummi ya ce a bar Hajiya ta huce zuwa Juma'a. Ba zan iya ba, gobe da sassafe zan je.

Gas ya ƙare. Auta na kan tabarma, bai ko cire takalmi ba.