Gwangwanin da muka tarar a akwatin Kawu

Ɗan ƙanwata ya ishe ni da turo bidiyo. Da dare in waya ta yi ƙara, sai in duba in ga wani Ba'amurke a garejinsa, ga teburi, ga ɗan sikeli, ga tarin kwanson harsashi, yana cika harsasan libarbarsa da hannunsa. A can abin sha'awa ne da doka ta yarda da shi, yana da shagunansa da littattafansa. Mu nan Sinnar ta ƙasar Sudan kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙarar bindiga ta fita ran kowa, amma yaro yaro ne.

Abin da ya tada maganar shi ne akwatin ƙarfen Kawu, Allah ya jiƙansa. Da aka buɗe za a raba gado, can ƙarƙashin jallabiyoyi da takardun gona aka ga tsohuwar libarba ƙirar Webley a nannaɗe cikin tsumma mai maiƙo, da kwanso cikin jakar fata, da wani gwangwani da rubutun jikinsa ya goge, saura 'yan haruffan boko. Kawu ya yi aikin gadin daji a wajen Dindir a ƙuruciyarsa. Yaron nan mai walda ne, hannunsa na da kyau a ƙarfe, sai ya ga ai ga bindiga, ga kwanso, ga albarushi, me ya rage? Ni kuma da yake ilimin sinadarai nake koyarwa a sakandare, ni aka kawo wa shari'ar.

Aikin shi kansa ba wani tsafi ba ne. Kwanson tagulla ba ya mutuwa da harbi ɗaya, ana iya gyara shi a sake ɗura shi. Masu libarba sun fi kowa son haka, don ita ba ta tofar da kwanso a ƙasa kamar sauran ƙananan bindigogi. Yana nan cikin gangarta mai juyawa har sai ka zazzage shi a tafin hannu. Rikicin duk yana wurin abin da ake ɗurawa.

Albarushi iri biyu ne, kuma ban da suna babu abin da ya haɗa su. Na maharbanmu na dā, wanda ake kira baƙin albarushi, mai tashi da farin hayaƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, haɗin gawayi ne da farar wuta da gishirin nan da Larabawa ke kira milhul barud. Na taɓa ganin tsoho yana auna shi da wani guntun kara da ya fafe, ya zuba a bindigar toka, ya danna tsumma. In ya ɗan ɗara ko ya ɗan kasa, yawanci kafaɗarsa ce kawai za ta gaya masa.

Mara hayaƙi daga baya ya zo. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, shi ya fito da shi a 1884, daga audugar da aka sarrafa da asid. Alfred Nobel ya kawo nasa a 1887, Turawan Ingila suka biyo da kodayit a 1889, mai kama da siraran taliya. Daga nan kamfanoni suka yi ta fito da iri-iri, wani fale-fale, wani ƙwallaye, wani guntayen bututu, kowanne da saurin cin wutarsa. Ba a auna shi da kara. Da sikeli ake auna shi, a ma'aunin da suke kira giren, wanda sai an tara sama da 15 kafin a sami giram ɗaya. Kuma adadin da ya dace da wannan iri, in ka zuba shi daga wani iri mai saurin ci, ya isa ya tsaga bindiga.

Akwai wani tarko da ya fi shafar libarba. Da yawa daga harsasanta an tsara su ne tun zamanin baƙin albarushi, mai buƙatar wuri da yawa. .38 Special, alal misali, ya fito ne a ƙarshen shekarun 1890 da baƙin albarushi a cikinsa, shi ya sa kwansonsa dogo ne. In aka zuba mara hayaƙi mai saurin ci, ɗan kaɗan ne yake kwantawa can ƙasa, har mutum zai iya mantawa ya zuba sau biyu kwanson bai cika ba, ido bai ga komai ba. Hotunan abin da ke biyo baya suna nan birjik a intanet: ganga ta dare, ƙarfen samanta ya lanƙwashe sama. Webley ɗin farko-farko ma, waɗanda sojan Ingila suka fara ɗauka a 1887, don baƙin albarushi aka ƙera su, kuma tsakiyarsu ake karyawa a buɗe, ba su da ƙarfin na yanzu.

To, sai batun wanda aka daina yi. Kamfanoni na sayar da kansu, na sauya masana'anta, na yanke wasu kayan. Albarushin kamfanin Hercules ya koma hannun kamfanin Alliant a tsakiyar shekarun 1990. Wani da masu ƙananan bindigogi suka daɗe suna so, IMR SR 4756, an daina yinsa. Kodayit kansa ya zama tarihi. Da zarar an daina yin wani iri, sabbin littattafan awo sai su fara jefar da shi, mai gwangwani a ɗaki ya koma neman tsofaffin bugu. Su kuwa tsofaffin an yi gwajinsu ne da wani ɗan guntun jan ƙarfe da ake sa wa a bututun gwaji, a duba yadda matsi ya tauye shi. Da aka koma na'urar lantarki mai nuna yadda matsin ke hawa da sauka, an ga wasu adadin na dā sun yi yawa, aka rage su. Wannan fa ga wanda ya san sunan abin da ke hannunsa ke nan. Namu ko suna ba shi da shi, kuma ba a gane albarushi da kallo, don iri biyu na iya yin kama sak alhali ɗaya ya ninka ɗaya saurin ci.

Yaron ya ce, "Kawu, ai a rufe yake ruf, ruwa bai taɓa shiga ba."

Na ce, "Ɗana, ruwa ba shi ne damuwata ba. Ka tuna inda akwatin yake?"

A ɗakin kwano yake, wanda in Afrilu ta shigo, zafin waje ya haura maki 40, ba mai iya ƙailula a cikinsa. Baƙin albarushi kamar gishiri yake, in ka tsare shi daga laima zai wuce jikokinka, amma mara hayaƙi man shanu ne, zama kawai na ɓata shi. Tun ranar da aka yi shi yake ruɓewa a hankali, yana fitar da wani tururi mai asid, tururin kuma na ƙara wa ruɓewar sauri. Shi ya sa ake haɗa shi da wani sinadari, galibi difenilamin, mai shanye tururin. Sinadarin nan ƙarewa yake yi. Ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai ita ce, a ƙiyasi, duk ƙarin zafi na maki 10 yana kusan ninka saurin irin wannan aiki. Gwangwanin da zai yi shekaru masu yawa lafiya a ɗakin ƙasa mai sanyi a Turai, a Sinnar lissafinsa daban ne.

Faransawa sun sha wannan darasi da tsada. A Maris 1907 jirgin yaƙinsu Iéna ya yi bindiga a tashar Tulon, mutum sama da 100 suka mutu. A Satumban 1911 wani, Liberté, ya tashi a wannan tashar dai, ya ci kusan 300. Duka biyun an ɗora laifin a kan albarushin Vieille da ya tsufa ya kama wuta da kansa.

Mun buɗe namu a tsakar gida, nesa da murhu. Albarushi mai lafiya ɗan ƙamshin sinadari yake yi, mai kama da na goge farce. Wannan wani wari ne mai yaji ya doki hancinmu, cikin murfin ya yi tsatsa, ga wata jar ƙura a jikin gwangwanin da kan ƙwayoyin. Yaron da kansa ya ja da baya. Mai walda ne, ya san abin da asid ke yi wa ƙarfe. Baffansa ya naɗe gwangwanin da libarbar ya kai wa hukuma, don ko lasisin Kawu ba a gada.

Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda yaron ya ɗauka Amurkawa ne suka ƙago sake cika kwanso. A Omdurman an yi wannan sana'a tun zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan. Bindigogin Remington da Ansar, wato mabiyan Mahadi, suka kwashe daga rundunar Masar da Baturen Ingila Hikis ke jagoranta a Shekan a 1883 ba su da inda za a sayo musu harsashi, sai aka riƙa tattara kwanso ana sake ɗurawa da albarushin gida. Har wani fursuna Bajamushe, Charles Neufeld, an sa shi aikin tace gishirin albarushin. Abin ya yiwu ne don baƙin albarushi ne, ana iya haɗa shi da abin da ke ƙasa, kuma in bai yi kyau ba yawanci harsashin ne ke kasa nisa.

Rashin nisan ne ya cuce su a yaƙin Karari, kusa da Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898. Bataliyoyin Misirawa da Sudanawa na rundunar Kicina, kwamandan Ingila, na riƙe da Martini-Henry mai baƙin albarushi, hayaƙi na turnuƙe gabansu, su kuwa sojan Ingila na da Lee-Metford mai kodayit, ga kuma bindiga mai ruwa ta Maxim. Suna hangen Ansar sarai, suna samunsu tun daga inda harsashin Remington ba ya kaiwa. Kafin azahar Ansar sama da 10,000 sun kwanta, waɗanda ɓangaren Kicina ya rasa kuwa ba su kai 50 ba. Bayan shekara biyar Maxim ɗin nan ta isa Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin nan namu, kudu da Sinnar kaɗan.