Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kujerar Arewa

Makon jiya na tsaya inda sakamakon konkur, wato jarrabawar gasar shiga babbar makaranta, ya fito, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Wasunku suna tambayar me Kawu ya ce. Me kuwa zai ce? Maganarsa ɗaya ce tun ranar da na zaɓi ajin C, na lissafi da kimiyya, a lise, wato babbar sakandare: "Lissafin mace a bakin murhu yake ƙarewa." Ita ya maimaita, yana alwala, ko ɗago kai bai yi ba.

Mota ta kai ni Ngaundere daga Garwa a arewacin Kamaru, jirgin ƙasa na dare ya gangara da ni kudu. A sashen lissafi mata ba mu taka kara mun karya ba, mai lulluɓi kuwa ni kaɗai. Ranar farko malamin aljabra yana kiran suna, ya iso nawa ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Faransanci: "A'a, ga kujerar Arewa." Aji ya ɗauki dariya.

Don yaran yanzu: gwamnatin Kamaru tana raba guraben manyan konkur bisa yankuna, don kada ɓangare ɗaya ya kwashe aikin gwamnati. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Tun kafin Jamusawa su kafa mulki a 1884 akwai makarantun mishan a Duwala, mu kuwa boko ya iso mana a makare, iyaye suna gudunsa. Ban taɓa jin kunyar wannan tsari ba, har gobe ina bayansa. Amma shiga kawai ake raba wa. Jarrabawar ciki iri ɗaya muke rubutawa. Abin da ya ci mini rai, in na faɗi a ce Arewa ce ta faɗi, in na ci a ce sa'a ce. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa kuma a hannun ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suke yawo, yaya ya bar wa ƙane. Ni wa zai bar wa? Wata Bamileke ce, 'yar Bafusam, ta riƙa turo mini nata a ɓoye cikin littafi. Allah ya saka mata.

Shi malamin aljabran nan bai san a gidan da na tashi ba. Malam Babba yana zana hatimi a ƙasa da ɗan yatsa, gida tara, haruffan Larabci a ciki a madadin lambobi, biyar a tsakiya, 2 da 4 da 6 da 8 a kusurwa. Ina kai masa fura na lura duk layin da ka bi, tsaye ko kwance ko karkace, 15 yake bayarwa. Na faɗa masa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Zauna nan, 'yar nan." A wurinsa na fara jin nisfi da sulusi da sudusi da tumuni. Sai da na tsufa a koyarwa na ji labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani, Bakatsine, wanda ya rubuta ƙa'idar gina irin waɗannan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Babu wanda ya ambata mana shi a aji.

A bakin murhu, in ji Kawu. To, da Yaya ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, ga iyayensa, Kawu da Goggo, da ransu. Malamai suka raba, Kawu ya ga kasonsa bai kai sudusi ba, ya ɗauka an cuce shi. Bayan lisha ya aiko yaro a kira ni. Na durƙusa na ce, "Kawu, duba nan. Daga 24, mata tana da 3, yara 16, kai 4, Goggo 4. Ka ga an kai 27, ya zarce dukiyar. Shi ya sa aka koma rabawa 27, kowa ya ɗan ragu." Ya yi shiru, ya ce, "Haka malaman ma suka ce." Iyakar godiyar ke nan, kuma a kicin ɗin Goggo muka yi lissafin, don kada mazan zaure su gani.

Abubuwa sun sauya, ba zan ƙi faɗa ba. An buɗe jami'a a Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, uban da ke cewa 'yarsa ba za ta kwana a jirgi ba ya rasa hujja. Cibiyar nazarin lissafi ta AIMS da ke Limbe tana ɗaukar ɗalibai mata da gangan. A 2014 da Maryam Mirzakhani ta Iran ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, na liƙa hotonta a gefen allo, yaran suka yi ta murnar sunan. Amma ku leƙa ajin C a Garwa ko Marwa ku ƙirga 'yan mata. Bayan BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, suke zubewa: wata aure, wata malamin da kansa ya tura ta ajin A, na adabi, wai ya fi mata sauƙi, ita da ta fi mazan ajin maki.

Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen aurena da sharaɗin da dangin Alhaji suka kafa a kan aikin.